Mai Duba Aibi a Falon Baba Ishaya

Ko da haƙorana za su zube duka, ba na jin zan manta da Asabar ɗin da aka kai ni gaisuwar iyayen Hannatu. Abu ɗaya tak aka roƙe ni ranar, wato in yi shiru. Ni kuwa na buɗe baki, kuma da na buɗe ban rufe ba sai da na kusa rasa matar.

Bari in fara da aikina, don ku san ba da gangan na zama haka ba. A shekarun nan na tamanin ina aiki a wata masaƙa ta wajen Kakuri, a sashen duba atamfa. Yadi yana wucewa a kan wani tebur mai fitila daga ƙasa, kai kana tsaye da alli a hannu. Inda zare ya tsinke, inda rini ya zarce, inda fure ya hau kan fure, sai ka sa alama. Awa takwas kullum, neman aibi kawai. Bayan shekara biyar idona ya riga ya lalace. In na je coci, fasto yana wa'azi, ni ina kallon aljihun rigarsa da tela ya ɗinka a karkace.

A unguwar Television ta Kaduna nake haya lokacin (e, na sani, mutumin Television da ba shi da talabijin, an yi mini wannan tsiyar har na gaji). Wani maƙwabcinmu mutumin Binuwai ne ke da ita, baƙi da fari, yakan fito da ita baranda ranar Asabar da yamma. Ƙarfe biyar da rabi ake sa shirin 'yan makaranta. Wasa ne na wata sakandaren kwana inda ɗalibai ke da ƙungiyar waƙa, kuma komai ya same su sai sun rera shi. An ci su a ƙwallo, waƙa. Wake ya yi tsutsa a ɗakin cin abinci, waƙa.

Jama'a, ina son shirin nan. In faɗa tun yanzu kafin ku ji abin da na yi. Yaran kamar ƙannenmu suke, suna haɗa Hausa da Turanci yadda muke haɗawa a bakin famfo. Waƙoƙin kuwa, wanda ya tsara su Allah ya ba shi kunne. A sa waƙa ranar Asabar, ranar Litinin ka ji matan sashen ninki suna rera ta duk da ƙarar inji. Akwai wata yarinya a ciki mai suna Talatu, siririya, ba ta da wani kyan da za a yi magana, amma in ta ɗaga murya sai barandar nan ta yi tsit, har mai tallan ƙosai takan sauke farantinta. Sau nawa na roƙi a canza mini shif don kada shirin ya wuce ni. Shekara uku ban yi fashi ba ko sau ɗaya.

Amma fa idon nan nawa bai bar ni na ji daɗi cikin kwanciyar hankali ba.

Ga wani yaro Sande da ya karye a ƙafar dama, mako na gaba sai ga filasta a ta hagu. Ga ɗan aji biyar mai ƙatuwar murya wanda gemunsa ya fi na malamin lissafi, kuma shekara uku yana aji biyar, ba wanda ya taɓa zancen jarrabawar fita. Za su je gonar makaranta da fartanya, su fara waƙa, sai ka ji ganga da jita har da molo, ka waiga ba ka ga kowa ba sai kunyar dawa. Talatu an ce mana talauci ya yi mata katutu, riga ɗaya gare ta, amma kowane mako da sabon takalmi. Ni ne nake tsaye a bayan baranda ina lissafa wa mutane waɗannan, har maƙwabcin namu ya taɓa cewa in na ƙara magana zai juya talabijin ɗin ta kalli bango.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na firinsifal. An nuna shi mutum mai tsauri, ba ya dariya, ko malamai tsoronsa suke ji. Talatu ta nemi izinin zuwa bikin yayarta, ya hana, ta haura katanga ta tafi. Da ta dawo ya kore ta a gaban asambuli. To, wannan ya yi daidai da halinsa. Amma mako na gaba sai ga shi ya hau bayan akori-kura, ya tafi har ƙauyensu, ya cire hula a gaban ubanta yana ba da haƙuri, ya dawo da ita makaranta. Tana shigowa get ɗalibai suka tarye ta da wata waƙa. Gaskiya waƙar nan ta sa ni hawaye (na ce wa mutane hayaƙin risho ne). Amma ina share ido ina cewa, ƙarya ce wannan, ba firinsifal ɗin da zai yi haka.

Hannatu ta sha jin wannan lacca. Taifis ce a wata ma'aikatar gwamnati, a coci muka haɗu. In na rako ta ina zuba, sai ta yi murmushi ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka." Ban taɓa tambayar kaina me ya sa take sanin abin da zai faru mako mai zuwa ba. Na ɗauka basira ce irin ta mata.

Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama. Kawunta, Baba Ishaya, shi ya riƙe ta, kuma shi ke da ta cewa a kan aurenta. Tsohon firinsifal ne da ya yi ritaya ya gina gida a can ƙarshen unguwarmu. An ce mini samari biyu sun je gabanina, duk ya sallame su da kalma ɗaya: "Ku je, za mu yi shawara." Kowa ya san in Baba Ishaya ya ce za a yi shawara, to magana ta mutu. Ni kuwa ina son Hannatu son da in na tuna zan iya rasa ta, sai tuwo ya ƙi wuce mini wuya.

A al'adarmu saurayi ba ya magana a gaisuwar farko. Babba yake samu ya yi masa baki, shi kuma ya zauna a ƙasa ko a kan ƙaramar kujera, ya sunkuyar da kai, in an tambaye shi ya amsa a taƙaice. Na roƙi fomanmu na masaƙa, Oga Danjuma, mutumin Filato, dattijo mai sanyin hali. Tun a hanya, muna riƙe da kiret ɗin lemo da ƙullin goro, yake ce mini, "Kai yaro, na san bakinka. Yau ka bar shi a aljihu." Ita ma Hannatu tun ranar Alhamis ta ja mini kunne: "In an kunna talabijin, don Allah kada ka ce komai." Na ɗauka ladabi take koya mini.

Muka isa ƙarfe huɗu. Baba Ishaya dogo ne, farin gashi, tabarau mai kauri, irin mutumin da in ya dube ka sai ka duba ko ka soke rigarka cikin wando. Muka durƙusa muka gaishe shi da Mama, matarsa. Oga Danjuma ya gabatar da ni, ya faɗi garinmu da iyayena da aikina. Baba ya saurara, ya ce a jira ƙaninsa da zai zo daga unguwar Trikania, don ba a yin irin wannan magana da mutum ɗaya. Muka zauna jira. Na sunkuyar da kai kamar yadda aka ce, har wuyana ya fara ciwo. Awa ɗaya da rabi ban ce uffan ba, kuma ina jin daɗin kaina ƙwarai.

Biyar da rabi na yi, Mama ta tashi ta buɗe ƙofofin talabijin ɗinsu (irin mai akwatin katako ce, da kyallen saƙa a kanta). Kiɗan buɗe shirin ya tashi. Na ce a raina, ka ga gidan albarka, su ma suna kallo. Ba a yi minti biyar ba sai ga mai gemun nan ya fito da gajeren wando yana cewa malam ya ƙwace masa biro. Wallahi ban yi niyya ba, dariya ce ta kuɓuce mini ta hanci.

Baba ya juyo. "Ɗana, na ji ka yi dariya. Kana kallon shirin nan ne?"

"Ina kallo, Baba."

"Yaya ka gan shi?"

A nan ne shaiɗan ya raɗa mini cewa jarrabawa ce. Tsohon firinsifal, mai ilimi, so yake ya ga ko yaron masaƙa yana da kai. Na gyara zama, na ɗago wuyan da ya gaji, na ce, "Baba, shirin yana da kyau, amma wanda yake rubuta shi kamar ba ya karanta abin da ya rubuta makon jiya."

Oga Danjuma ya yi tari.

"To?" in ji Baba. "Kamar me?"

Na fara da ƙafar Sande. Baba ya miƙa hannu ya ɗauko wani ɗan littafi da fensir a kan rediyo, ya rubuta. Kai! Na ce a raina, tsohon firinsifal yana rubuta maganata! Na ƙara wuta. Na kawo gemu, na kawo gangar da ke tashi a gona, na kawo takalman Talatu har da launinsu, duk da talabijin ɗin baƙi da fari ce. Na ce makarantar da ba a taɓa ganin ɗalibi yana karatu ba, in ƙanina ne a ciki da na cire shi. Oga Danjuma ya taka mini ƙafa, na matsar da ƙafar don na ɗauka wuri ne ya yi masa kaɗan. Hannatu ta shigo da tiren kofuna, ta ji abin da nake faɗa, ta tsaya cak, ta zaro mini ido. Na ɗauka mamakin hazaƙata take yi, har na ɗan yi mata murmushi.

"Akwai saura?" in ji Baba, bai ɗago daga littafin ba.

"Babban ma yana nan, Baba. Ku da kuka yi firinsifal, don Allah ku faɗi gaskiya. Akwai firinsifal ɗin da zai kori yarinya a gaban asambuli, sannan ya hau akori-kura ya je ƙauye yana ba da haƙuri? Mutumin da aka nuna mana ba zai taɓa yi ba. Wanda ya rubuta wannan bai san firinsifal ba, bai taɓa shiga ofishin firinsifal ba. Kawai so yake ya sa mata kuka."

Fensir ya tsaya. Baba ya ajiye shi a hankali a kan littafin. A talabijin yara suna ta waƙar wanke-wanke, amma a falon nan ba mai motsi. Mama ce ta tashi ta rage murya, ta dube ni da tausayi irin wanda ake yi wa akuyar Kirsimeti, ta ce, "Ɗana, ai Baba ne yake rubuta shi. Hannatu ce take buga masa a tafireta."

Kun san a ƙarshen shirin akan rubuta "Labari da waƙoƙi: Tsohon Malami." Shekara uku ina karanta wannan, ni mai ganin zaren da ya tsinke a cikin yadi dubu, ban taɓa tambayar wane tsohon malami ne ba. Ashe Baba ne ya hana a faɗa, don kada iyaye su cika masa gida da yaran da suke so a sa a talabijin. Na ji zufa ta tsatso mini har a tafin ƙafa. Na dubi ƙofa, na ga ta yi nisa.

Baba bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya duba littafinsa ya ce, "Ƙafar Sande, ka yi gaskiya. Mun naɗe ta dama, sai yaron ya faɗo daga keke ya karya ta hagu da gaske. Mai gemu akawu ne, 'ya'yansa biyu, amma duk Kaduna ban sami yaron da ke da muryarsa ba. Takalma kuwa na 'yar mai ɗaukar hoto ne, wanda ya samu ranar shi ake sawa. Wannan sakacina ne, zan gyara."

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Na firinsifal ma ka yi gaskiya. Bai je ba. Ni ne shaida."

Sai ya ba mu labari, yana kallon bango. A wata makaranta da ya riƙe can kudancin jihar, akwai yarinyar da ba a taɓa yin mai murya irin tata ba, ga ƙoƙari a aji. Ta nemi izinin bikin yayarta, ya hana, ta haura katanga. Ya kore ta a gaban asambuli. Malamai suka roƙa, ya ƙi. Mama ta ce masa ya je ya dawo da ita, ya ce firinsifal ba ya lashe amansa. Yarinyar ba ta sake shiga wani aji ba. Bayan shekaru ya gan ta a wata tashar mota tana sayar da dafaffiyar gyaɗa, da goyo a bayanta. Ta gane shi, ta durƙusa har ƙasa, ta gaishe shi da Turancin da shi ya koya mata.

"Ko a fuska ba ta nuna mini komai ba," in ji Baba. "Tun ranar nake hawa akori-kurar nan a zuciyata. Da na sami alƙalami a hannu, sai na ce bari ko a talabijin mutumin ya je."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma ban taɓa ganin girman mutum kamar yadda na ga nasa ba. Ga dattijon da duk unguwa ke tsoro, ya buɗe cikinsa a gaban yaron da ya gama zaginsa.

Ya mayar da tabarau, ya koma firinsifal. "An ce mini aikinka duba aibi. Na ga ka iya. Amma Hannatu mutum ce, za ta ƙona miya, za ta faɗi magana yau ta canza gobe. Ba zan ba da ita ga wanda zai zauna da alli yana jiran ta yi kuskure ba." Ya juya wajen Oga Danjuma. "Malam Danjuma, mun gode. Ku je, za mu yi shawara."

Na ji tiren hannun Hannatu ya yi ƙara. Oga Danjuma ya miƙe yana gyara hula, bai ko dube ni ba.

Ni dai ban san lokacin da na zube a gwiwa ba. Na ce, "Baba, Allah ya sani ina son shirin nan. Ban taɓa fashi ba."

"Da me zan sani? Abin da na ji daga bakinka na rubuta, ga shi, shafi biyu."

Ba ni da hujja, ba ni da shaida. Sai kawai na ji bakina ya kama waƙar da aka tarbi Talatu da ita a get.

Ya kamata ku san wani abu game da muryata. Mai koyar da mawaƙan cocinmu ya taɓa kirana gefe ya roƙe ni, saboda Allah, in riƙa motsa baki kawai. Da wannan muryar na rera waƙar Baba Ishaya, a falon Baba Ishaya, ina durƙushe a kan ledar tsakar ɗaki. Na yi baitin Talatu da siririyar murya, na yi amshin maza da ƙatuwa, inda ganga take shiga na buga a cinyata. Da na kai baiti na uku, inda take cewa ta ɗauka ba mai zuwa nemanta, sai hawaye suka ɓalle mini, ga majina, kuma babu risho a kusa da zan ɗora wa laifi.

Daidai nan ƙanin Baba ya iso daga Trikania. Ya ɗaga labule, ya ga ƙato a gwiwa yana kuka yana dukan cinya. Ya dubi yayansa ya ce, "Yaya, wannan ne?"

Ban tsaya ba. Na ce tunda na riga na mutu, bari in kai ƙarshe. Na kai baiti na huɗu, na ja amshin ƙarshe har muryar ta tsage. Mama ta toshe baki da gefen zani, kafaɗunta suna rawa. Oga Danjuma ya juya yana karanta kalandar bango kamar bai taɓa ganin kalanda ba. Hannatu kuwa ta gudu kicin, ina jin ta, ban san ko kuka take ko dariya ba.

Baba ya ce, "Baiti na uku, ita kanta yarinyar da ta rera shi sai da aka riƙe mata takarda a bayan kyamara." Ya ciro hankici ya goge tabarau, ya goge, ya sake gogewa. "Sau ɗaya aka sa waƙar nan. Sau ɗaya ka ji ta?"

"Sau ɗaya, Baba."

Ya dubi ƙaninsa, ya dubi Mama. Ya ce, "Na taɓa korar mutum a kan laifin rana ɗaya. Malam Danjuma, zauna. Ku turo magabatansa ƙarshen wata." Ya nuna ni da ɗan yatsa. "Amma da sharaɗi. Ranar ɗaurin aure a coci, in an tashi waƙa, wannan yaron ya yi shiru."

Na cika sharaɗin. Duk hotunan bikinmu bakina a rufe yake.

Abin da na koya? Har yau in labari ya kauce wa hankali ina gani, wannan ciwon ba ya warkewa. Sai dai yanzu nakan ɗan dakata, don na gane wani lokaci daidai wurin da labari ya ƙi bin hankali, nan ne mai shi yake jin zafi. Na kuma koyi tambayar sana'ar kowa a ɗaki kafin in faɗi ra'ayina.

Jikokinmu sukan tambayi Hannatu yadda aka yi ta aure ni. Takan ce, "Kakanku da waƙa ya same ni." Sai su dube ni da sha'awa, su ce in rera musu. Ita kuwa sai ta ce, "A'a, ku bar shi. Ba daɗinta ne ya sa aka ba shi ni ba, so ake ya daina."